Na Je Kwatano Ɗauko Rahila

Tun da na dawo daga Kwatano bakina bai huta ba. A coci a tambaye ni, a kasuwar citta a tambaye ni, har matan zumuntar cocinmu sun laƙaba mini suna Madam Faransi, don can Faransanci ake yi. Kowa so yake ya ji yadda ƙasar take, me suke ci, ko da gaske ne mata ke tuƙa babur da jariri a baya. Tambaya ɗaya ce ba mai yi mini ita ido da ido, sai na juya baya: ina yarinyar da ta ce za ta ɗauko? Na gaji da ba da labarin guntu-guntu ina tsallake inda yake mini ciwo. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya karanta ya bar ni in sha iska.

Rahila 'yar ƙanena Bulus ce. Uwarta ta rasu wajen haihuwarta, shi kuma ya bi bayanta tana da shekara huɗu. Ni na riƙe ta a nan Kafanchan, Mama take ce mini, ba ta san wata uwa ba. Tana da shekara goma sha ɗaya citta ta yi ciwo a gonaki, kasuwarmu ta mutu, gida ya yi tsanani. Sai ga wata mata da danginta ke cocinmu ta zo Kirsimeti daga Legas. Ta ce tana neman yarinya mai hankali ta taya ta raino, ita kuma za ta sa ta a makaranta. Kun san yadda muke yi. Ba takarda, ba shaida, an gaisa, an yi addu'a, an ce a riƙe amana. Ni ma haka aka ba da ni riƙo a Kwoi ina ƙarama. Na wanke wa Rahila kayanta na kai ta tasha.

Wata shida muna waya, daga nan lambar matar ta daina shiga. Danginta suka ce su ma ba su san inda ta koma ba. Na yi azumi, na yi kuka, na yi faɗa da rabin unguwa. Bayan shekara guda cur sai ga kira a wayar Fasto. Wani mutum mai Hausar Nijar ya ce daga Kwatano yake magana, akwai wata yarinya a gidan kula da yara, 'yan sanda suka tsince ta a kasuwa ita kaɗai ba takarda. Ashe matar nan ta miƙa ta ga wata, waccan ta ƙetare da ita iyaka ta sa ta talla da wanki, har yarinyar ta gudu. Ya ce kotun yara za ta zauna a kan maganarta, ana son wani nata ya zo. Rahila ta san lambata a ka tun tana aji biyu, amma ta Fasto ta ba su. A lokacin murna ba ta bar ni na tsaya tunanin dalili ba.

Ban taɓa wuce Abuja ba, sai na je wurin maƙwabciyata Mama Chidi. Inyamura ce, ubanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a Kafanchan aka haife ta, kuma tana zuwa Kwatano saro gwanjo. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Talatu, kai ba ka san hanya, ni zan kai ka. Amma wannan bakin naka, ka kulle shi a ɗaki kafin mu tafi." Na ce to, ban kuwa kulle ba.

Na haɗa fasfo, katin baftismar Rahila, wasiƙar Fasto da ta mai unguwa, da hoton da muka ɗauka ranar bikin girbi. Na ƙulla acca mudu biyu, busasshen yakuwa, gyaɗa, da ɗan buhun citta na tsaraba, na sa sabuwar rigar da na ɗinka wa Rahila a jaka. Muka bi ta Kwoi muka ɓulla Jere, inda na sayi soyayyar doya da ta fi ƙarfin haƙorina, muka kwana Abuja gidan ɗiyar Mama Chidi. Da asuba muka shiga doguwar mota ta Legas.

Wannan mota ita ce wahala ta farko. Kafin mu kai Lakwaja wani mai kwat ya miƙe ya yi mana wa'azi har na ce amin da ƙarfi, yana gamawa sai ya buɗe jaka ya fito da maganin basir. Na ce masa ya ji tsoron Allah ya zaɓi sana'a ɗaya. Mota ta kwashe da dariya, Mama Chidi ta mintsine ni a cinya. Zafi kuma ya sa cittata ta fara tashi, wata budurwa a bayanmu ta yi ta atishawa har garin Ore tana harara ta. Mun shiga Legas da yamma ƙafafuna sun kumbura kamar an hura su. Abin da na gani a Legas shi ne mutane suna gudu ba wanda ya kore su, kuma ba mai amsa gaisuwa.

Washegari muka nufi iyaka. Ni a zatona iyaka katanga ce da ƙofa. Ashe kasuwa ce mai hayaniya, masu canji na ɗaga takardun sefa, kuɗin can, a fuskarka, 'yan dako na fizgar jakarka. A nan aka tambaye ni katin rigakafi mai ruwan ɗorawa, wanda Mama Chidi ta rantse ta gaya mini, ni kuma na rantse ba ta gaya mini ba. Dole aka yi mini allura a wani ɗan ɗaki. Ni da na haifi 'ya'ya biyar, sai ga ni na rufe ido ina kiran Yesu a gaban wata yarinya ma'aikaciya. Wani jami'i kuma ya buɗe buhun cittar ya shinshina, ya tambaya ko ta sayarwa ce. Na fara yi masa bayanin bambancin cittar Jaba, ta wajenmu, da ta sauran duniya, har ya gaji ya ɗaga mana hannu mu wuce.

Muna ƙetarewa duniya ta canza harshe. 'Yan acaɓarsu duk riga ruwan ɗorawa ce da lamba a baya, kuma gaskiya ne, mata na tuƙa babur da goyo, da kwando a gaba. Mun sauka a Zango, unguwar Hausawa, a gidan wata Hajiya mai ba 'yan kasuwa ɗaki. Ta ji Hausata ta ce, "Ke daga ina da wannan harshe?" Na ce daga Kafanchan, inda muke gyara wa Kanawa Hausarsu. Ta yi dariya ta ba mu tabarma biyu da fanka mai kuka. Abincinsu kuwa, burodinsu dogo ne kamar sanda, waje tauri ciki iska. Tuwon masararsu fari ne mai tsami a ƙulle cikin ganye, ana ci da kifi da barkono. Na ɗauka ya lalace ne, na mayar wa mai sayarwa. Mama Chidi ta ba ta haƙuri da hannu da ido, ta ce mini haka ake cinsa, in daina ba ta kunya a ƙasar mutane.

Da safe mutumin da ya kira Fasto ya zo ya ɗauke mu. Malam Isufu sunansa, dattijo ne daga Maraɗi, shi ke yi wa kotu tafinta. A hanya ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba. Ya ce yaron da aka samu shi kaɗai a ƙasar da ba tasa ba, ba a kulle shi da manya, ba a kuma jefa shi mota a mayar da shi haka kawai. Sai an ba shi wurin kwana, an ba shi lauyansa na kansa, an binciki inda za a mayar da shi. Na ce, "Lauya kuma? Wa ta kashe?" Ya ce, "Ba ta yi laifi ba, Hajiya. Lauyar tata ce, ta tsaya mata." Na ce ni ba Hajiya ba ce, kuma ni ce mai tsaya mata. Ya yi murmushi.

Gidan yaran na da tsabta, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Aka zaunar da mu a wani ɗaki tare da lauyar, wata siririyar mata da ba ta kai ɗiyata ta fari ba, Madam Odil, riƙe da littafi da biro. Sai aka shigo da Rahila.

Ta yi tsawo. An aske mata kai, akwai tabon ƙuna a bayan hannunta na hagu. Zuciyata ta narke, Allah ne shaidata. Tun daga Kafanchan nake shirya yadda zan rungume ta. Amma ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, ba ta durƙusa ba, ga baƙi suna kallo. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ke, ba ki iya gaisuwa ba kuma? Haka na koya miki? Kin san wahalar da kika sa mutane?"

Ta durƙusa ta ce, "Ina kwana, Mama." Malam Isufu ya juya wa lauyar maganata da Faransanci, na ga biro yana tafiya. A wurinmu wannan faɗan ƙauna ce, kowace uwa ta sani. Haka uwar riƙona ta tarbe ni ranar da na ɓata a kasuwar Kwoi, ta mare ni sannan ta ba ni abinci. Ban san yadda zan sa Malam Isufu ya juya wannan ba.

Madam Odil ta tambayi Rahila ko tana son a bar mu mu biyu. Rahila ta girgiza kai. Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi, amma na ce a raina kunya ce, gobe a mota za ta sake.

Ranar kotu na ɗaura zanen zumuntar mata, na ɗaura ɗankwali sosai. Na zaci zan ga babban zaure da jama'a da alƙali mai hular gashi. Sai aka kai mu wani ƙaramin ofis aka rufe ƙofa, aka ce shari'ar yara ba ta 'yan kallo ba ce, har Mama Chidi aka bari a waje. Alƙaliyar mace ce mai tabarau, ba ta sa baƙar riga ba. Ta fito daga bayan teburinta ta jawo kujera kusa da Rahila. Ta duba takarduna ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kan hoton bikin girbi, ta ce ta yarda ni ce mai riƙon yarinyar. Na gyara zama, na ce an gama.

Sai ta ce in faɗi yadda Rahila ta bar gida. Na faɗa duka, ban ɓoye komai ba. Ta ce, ta bakin Malam Isufu, "Kafin ki ba da ita, kin tambaye ta ko tana son tafiya?"

Na yi 'yar dariya. Na ce, "Ranki ya daɗe, a wurinmu ba a tambayar yaro. Babba ne ya san abin da ya dace da shi."

Ta juya ga Rahila ta tambaye ta ko tana zuwa makaranta a gidan yaran. Na ce, "Tana da ƙoƙari, ita ke zuwa ta uku a ajinsu." Alƙaliyar ta ɗaga mini hannu. Ta tambaye ta ina take son zama. Na ce, "Gida mana, ina kuma za ta so? Ke, buɗe baki ki gaya musu." Na san ba daidai nake yi ba, amma shirun yarinya a gaban manya abin kunya ne ga wanda ya rene ta, kuma bakina ya saba cike wannan shirun. Madam Odil ta miƙe ta yi magana a hankali. Malam Isufu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ana roƙon ki jira a waje."

Na zauna a benci kusa da Mama Chidi ina huci. Na ce mutanen nan so suke su raba ni da 'yata, su mayar da ita mara kunya. Mun fi awa guda a wurin kafin a sake kira na.

Alƙaliyar ta ce Rahila ta roƙi ta faɗi magana ɗaya a gabana, kuma ba wanda zai katse ta. Rahila ba ta kalle ni ba, ƙasa take kallo. Da Hausarmu ta gida ta yi maganar, tsakanina da ita ba buƙatar tafinta.

"Mama, ranar da kika kai ni tasha na ce miki ba na so. Na riƙe zanenki. Kika ɓamɓare yatsuna ɗaya-ɗaya, kika ce kada in ba ki kunya a gaban mutane. In na koma, citta ta sake lalacewa, wata ta sake zuwa, wa zan riƙe?"

Na buɗe baki in ce ƙarya ne, sai abin ya dawo mini sarai. Na tuna direba yana ta hon, na tuna hannunta da gumi, na tuna har na gyara ɗaurin zanen bayan motar ta tashi. Duk tsawon lokacin nan matar Legas nake tsine wa, ban taɓa tuna wannan ba ko sau ɗaya.

Hukuncin bai yi tsawo ba. Rahila za ta ci gaba da zama a gidan yaran, ta ci gaba da karatu da koyon ɗinki. Za a rubuta wa ofishin jin daɗin jama'a na wajenmu, su zo su ga gidana su yi magana da ni. Bayan wata shida kotu za ta sake zama, a sake tambayar yarinyar. Za a bar ta ta kira gida ranar Lahadi, in ta so. Alƙaliyar ta ce ba ta ɗauke ni muguwa ba, macen da ta yi tafiyar kwana uku saboda yarinya ba muguwa ba ce. Na fi son da ta zage ni.

A waje na fara yi wa Mama Chidi ƙorafi ko zan ji sanyi. Ta tsayar da ni a bakin titi ta ce, "Talatu, yarinya ya faɗi gaskiya. Ina tasha ran nan, na zo karɓan kaya. Na gani da idona. Ni ma ban ce komai ba, ai haka muka saba yi."

Kafin mu taso na roƙa aka bar ni na shiga ɗakin girkin gidan yaran. Na dafa gwaten acca da yakuwa da gyaɗa yadda Rahila ke so, tukunya guda, yaran duka suka ci. Akwai 'yan Togo, akwai 'yan Nijar, akwai wata 'yar ƙarama da har yanzu ba a gano ƙasarta ba. Rahila ta ci kwano biyu, ta sa yatsa ta suɗe. Muka zauna a ƙarƙashin mangwaron mu biyu, wannan karon ita ta yarda. Kalma uku ce a bakina, ki yafe mini. Na juya su, na juya su, suka ƙi fita. Ban taɓa jin babba ya faɗa wa yaro haka ba, ban san da wace murya ake faɗa ba. Sai na ji kaina ina cewa ta riƙa karanta Littafi, ta yi biyayya, kada ta bi 'yan banza. Ta ce, "To, Mama."

Ta ɗauki jakata ta raka ni bakin ƙofa kamar yadda na koya mata. Na yi tafiyar a hankali da gangan, na bi ta gefenta, har na saki bakin zanena yana taɓa hannunta. A raina ina cewa in ta riƙe ko da yatsa ɗaya ne, ba alƙalin da zai ɗaga ni daga wurin. Ba ta riƙe ba. Ta miƙo mini jakar, ta ɗan durƙusa ta ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Game da hanyar dawowa ba ni da abin ba ku labari. Iyakar nan ce, motar nan ce, wani mai maganin basir ɗin ma ya miƙe ya yi wa'azinsa ban ce masa uffan ba. Mama Chidi ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne. Cittar tsaraba na bar wa Hajiyar Zango. Rigar da na ɗinka wa Rahila ta shiga gari da ita tana nan a jakata, ko da ta zo ma ba za ta shige ta ba, da awon da na sani na ɗinka.

Yanzu na share ɗakinta, na sa sabon labule, ina jiran mutanen ofis. Kowace Lahadi ana tashi coci nake wucewa gida, ban tsayawa taron mata, in zauna da waya a cinya. Lahadi uku shiru. Ta huɗun sai ga Fasto ya biyo ni har gida, ya ce Rahila ta kira shi, tana tambaya ko na iso lafiya, ko ƙafafuna sun saɓe. Lambata tana nan a kanta, na sani.

Na ce masa in ta sake kira, ya gaya mata akwai maganar da ban faɗa ba a gindin mangwaro. Ya ce in faɗa masa, shi zai isar. Na ce a'a, Fasto, wannan ba a aikawa da ita.